Tun ran gini ran zane: yadda za ka tsara gida mai sanyi da ba ya shan wuta da ruwa

Yawancin mutane in aka ce gini mai tausayin muhalli, abin da ke faɗo musu a rai shi ne fanel ɗin sola a saman kwano da batira jere a sito. Sola na da kyau, ba wanda ya ce a'a, amma a wurina ita ce ta ƙarshe a layi. Gidan da aka juya manyan tagoginsa yamma, aka kafa masa baƙin kwano ba silin kirki, aka shafe tsakar gidan da kankare har gindin katanga, ko ka jera masa fanel ashirin esi ne zai shanye wutar, kuma ranar da inbata ta ba da matsala ba mai iya runtsawa a ciki. Abubuwan da ke sa gida ya yi sanyi, ya rage shan wuta da ruwa, ya kuma daɗe bai nemi gyara ba, kusan duk a kan takarda ake yanke su, lokacin da canza su bai wuce a goge a sake ja da fensir ba. Da zarar an zuba fandisho shi ke nan, kowane gyara sai da guduma.

Kuma maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa kan gine-gine ya nuna gidaje da ofisoshi da aikin gina su ne ke da kusan kashi ɗaya bisa uku ko fiye na hayaƙin kabon da harkar makamashi ke fitarwa a duniya, siminti kaɗai yana da kusan kashi 8 cikin 100 na duk hayaƙin. Ko wannan bai dame ka ba, bil ɗin wuta da man janareta da gumin dare za su dame ka, kuma maganinsu duk ɗaya ne.

Fara da filin. Kar ka je ganin fuloti sau ɗaya da rana tsaka cikin rani ka ce ya yi maka. Koma bayan an tafka ruwan sama, ka ga ta ina ruwa ke shigowa, ta ina yake fita, ina yake kwanciya, ka dubi gindin katangun maƙwabta, in ka ga layin danshi ko gansakuka to har nan ruwa ke kaiwa, kuma tsofaffin unguwa za su faɗa maka abin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Fili a kan hanyar ruwa ko fadamar da aka cike da ƙasa, araharsa tarko ce, domin ruwan da ka tare da gininka ba ɓacewa zai yi ba, gidan da ke ƙasa da kai zai faɗa, ko ya dawo maka ta ƙarƙashin fandisho. Ka duba nisa ma. Gidan da sai ka ta da mota kafin yaro ya je makaranta ko a sayo ɗan abin buƙata, man da za a ƙona a shekaru zai iya cinye duk tattalin da ka yi a ginin. Bishiyoyin da ka tarar a filin kuwa ka ɗaura musu jan ƙyalle tun kafin gireda ta shigo, a zana gidan ya kauce musu, inuwar da ta ɗauki shekara ashirin tana girma ba a sayen ta a kasuwa. Baƙar ƙasar sama a kankare ta a tara gefe, za ka neme ta ranar shuka.

Sai juya gidan, wanda ko sisi ba ya ci amma shi aka fi wasa da shi. Buɗe kamfas ɗin wayarka ka tsaya a tsakiyar filin. A ƙasa mai zafi abin da ake so shi ne dogayen bangon gidan su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma. Dalilin shi ne da tsakar rana, rana tana can sama, don haka bakin rufin da ya zarce bango da santimita 60 zuwa mita ɗaya ya isa ya yi wa tagogin arewa da kudu inuwa. Ita kuwa ranar safe da ta la'asar a kwance take zuwa, ta ƙarƙashin rufin take shiga kai tsaye, kuma ta la'asar ta fi mugunta tunda tana zuwa ne lokacin da iskar gari ta riga ta yi zafi. To ɓangaren yamma ka jibge masa wuraren da ba a zama a ciki, sito, banɗaki, matakala, gareji, su sha ranar su tare wa sauran. Ɗakin kwana a yamma kuskure ne da za ka biya kowane dare, bangon ya wuni yana tara zafi, sai kun kwanta ya fara sako muku shi. In kana tsakanin layukan nan biyu na digiri 23.5 arewa da kudu da layin tsakiyar duniya, wato ikwaita, ka tuna rana na karkata arewa wasu watanni, kudu wasu watanni, kowane ɓangare na buƙatar tasa inuwar. A ƙasashen sanyi lissafin juyawa yake, can manyan tagogin ake juyawa wajen rana don ta ɗumama ɗaki lokacin hunturu.

Na san wani zai ce ai titi ne ke yanke inda gida zai kalla. Haka ne, wani lokaci ba yadda za ka yi. In fuskar gidan dole yamma take, yi mata baranda mai zurfi, ko bangon bulo mai huda-huda a gabanta, ko ka dasa bishiya mai faɗin kai nesa kaɗan da fandisho, tagogin wajen kuma su zama ƙanana. Abin riƙewa dai inuwa a waje ake yin ta. Labule a ciki haske kawai yake tarewa, zafin ya riga ya ratsa gilashin ya shigo. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai a rufe ya san abin da gidan nan mai gilashi daga sama har ƙasa zai zama, komai kyansa a hoto.

Yanzu rufi, kuma nan nake so ka fi kashe lokaci da kuɗi, domin a gida mai hawa ɗaya rufin ne ya fi ko'ina shan rana, tun hantsi har la'asar tana kansa. Baƙin kwano ko mai duhu ɗin nan da ake yayi, da rana tsaka samansa na iya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, fari ko mai haske kuwa a rana ɗaya wuri ɗaya zai iya yin ƙasa da haka da digiri 25 ko fiye. Launi kawai fa, ba inji ba. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, kuma cikin abin da ya biyo baya har da bin gidajen marasa ƙarfi ana shafe musu rufi da farin fenti da farar ƙasa. Bayan launi sai abin da ke ƙarƙashin kwanon. Takardar aluminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa tana aiki sosai, amma sai an bar mata sarari na iska kamar inci ɗaya ta ɓangaren mai ƙyallin, in aka manna ta jikin wani abu zafin ratsawa kawai yake, kuma da yawa daga masu sa ta ba su san haka ba, sai ka tsaya a kansu. A kan silin a shimfiɗa abin tare zafi. Sannan a buɗe wa sararin da ke tsakanin silin da kwano hanyar numfashi, kafofi a ƙasa ta bakin rufi inda iska za ta shiga, wasu a can ƙololuwa inda mai zafin za ta fita, duk a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Gwajin mai sauƙi ne a gidan da kake ciki yanzu, da ƙarfe tara na dare hau kujera ka ɗora tafin hannu a silin, in ka ji shi da ɗumi to zafin rana ne maƙale a sama ba shi da ƙofar fita, fankarka kuma shi take juyo maka.

In kana son ganin wannan dabara an kai ta ƙarshe, nemi hotunan makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya zana aka kammala a 2001. Bangon na bulon ƙasa ne da aka ƙarfafa da ɗan siminti, silin ma na bulo, kwanon kuma an ɗaga shi sama da silin a kan rodi da aka yi wa walda, ya zarce bango sosai ta ko'ina, iska na wucewa tsakani tana kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. Ba esi, ba wani kayan waje mai tsada, mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu. Ginin ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya samu babbar kyautar masu zanen gini ta Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Mai dekin kuma nasa daban ne. Kankare ya wuni yana shan rana, da dare ya sauke ta a kanka. Ko dai a ɗora masa rufi na biyu mara nauyi da sarari a tsakani, ko a sa abin tare zafi ta sama a rufe da fari, ko ka bar fanel ɗin solar da kake so ɗin su zama inuwarsa.

Maganar iska. Taga ɗaya a ɗaki haske take bayarwa, iska sai ta samu mashiga da mafita, don haka kowane ɗakin zama ya samu taga a bango biyu daban-daban, in hakan bai yiwu ba a yi ƙaramar kafa a saman ƙofa wadda za ta zauna a buɗe ko ƙofar na kulle. Iska mai zafi sama take hawa, shi ya sa silin mai tsayin mita uku da ƙananan tagogi can kusa da shi ke sa ɗaki ya riƙa zuƙo iska da kansa ko ba kaɗawa ake ba. Mutanen Yazd na Iran sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina hasumiyoyin kama iska a saman gidajensu a tsakiyar hamada da wannan ilimin. Windo mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, mai lufa ko mai buɗewa waje kusan duka take bayarwa, ragar sauro ma tana rage iska, sai a ƙara girman tagar don a rama. Wani abin haushi da ake yawan yi shi ne a zana tagogi masu kyau sannan a kafa doguwar katanga taku biyu daga jikinsu, iskar ta ina za ta biyo? Ja gidan baya kaɗan daga katanga, ko a yi saman katangar da bulo mai huda.

Amma kafin ka zaɓi irin bango, ka san wane irin zafi ne a wurinku, nan mutane ke kwafo zanen wata ƙasa su sha wuya. Inda zafin busasshe ne, rana ƙuna dare sanyi, bango mai kauri da nauyi ake so. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 25 yana jinkirta zafi kusan awa tara ko goma kafin ya ratso ciki, lokacin dare ya yi, sai a buɗe tagogi iskar dare ta wanke shi, da safe a rufe a riƙe sanyin. Ginin Eastgate da ke Harare a Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, haka yake aiki duk da girmansa, da dare fankoki na tura iska mai sanyi ta cikin kankaren benayen, da rana kankaren na shanye zafin ofisoshi, iska mai zafi na fita ta bututun da ke saman ginin. Inda kuwa zafin mai gumi ne, bakin teku ko yankin kurmi, dare da rana kusan ɗaya, bango mai nauyi ba ya samun lokacin hucewa. Can abin da ke aiki shi ne gini mara nauyi, tagogi manya, rufi mai faɗi, gida siriri da iska za ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

To ginin ƙasa, wanda da ka ambata sai a kalle ka kamar ka ce ba ka da kuɗi. Garin Shibam na Yaman benaye ne na tubalin laka, wasu hawa biyar wasu har goma sha ɗaya, yawancinsu tun ƙarni na 16, kuma har yau da mutane a ciki. Ƙarfi ba shi ne matsalar ƙasa ba, ruwa ne, ambaliyar 2008 ma ta yi wa garin ɓarna. In za ka yi na zamani, bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji shi ne hanya, ana haɗa ƙasar da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ba a gasa shi, ba a ƙona itace, kuma sau da yawa ƙasar da aka haƙo daga fandisho da sokawe ita ce kayan aikin, ka ga tifa ba ta kawo ba ba ta kwashe ba. Sai dai ba kowace ƙasa ke yi ba. Ɗebo daga ƙasan baƙar ƙasar sama, zuba a kwalba mai garau zuwa kashi ɗaya bisa uku, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai ka ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a gindi, bayan awa biyu lallausar ƙasa ta hau kansa, yumɓu kuwa sai ya kwana ko fiye kafin ya zauna a sama, sai ka ga layi uku ƙarara ka auna da rula. Ana son yashi ya fi yawa, yumɓun ya zama ɗan daidai wanda zai riƙe. In yumɓu ya yi yawa bulon tsagewa zai yi, sai a ƙara yashi, in ya yi kaɗan marmashewa zai yi. Baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta dare da rani, rabu da ita. Wannan gwajin share fage ne kawai, in bene za ka yi sai an kai bulon an gwada ƙarfinsa a ɗakin gwaji, injiniya ya sa hannu.

Bayan an buga bulon a jera shi a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa, kar a ɗora shi a gini sai ya kai kwana 28. Gindin bango kuma a fara shi da dutse ko kankare har ya ɗaga kamar santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, a shimfiɗa ledar hana danshi, sannan bulon ƙasa ya hau, rufi kuma ya zarce sosai don feshin ruwa. Kuskuren da ke kashe bangon ɗanyar ƙasa shi ne a shafe shi da filastar siminti mai ƙarfi, danshi ya shiga ta 'yar tsaga ya rasa mafita, wata rana filastar ta ɓanɓaro falle guda da naman bangon a jikinta. Filastar farar ƙasa ko ta ƙasa ita ke barin bango ya yi numfashi.

Siminti kuwa ba cewa ake a daina ba, fandisho da fila da linta suna buƙatarsa. Abin da ya sa yake da nauyin hayaƙi shi ne ana gasa dutsen da ake yin sa a zafin kusan digiri 1,450, kuma fiye da rabin kabon ɗin daga jikin dutsen kansa yake fita lokacin da yake rushewa, ko da wane mai aka hura wutar. Rage shi a zane ake yi, ba a kwaɓi ba. In birkila ya ce zai ƙara yawan bulo a buhu don a yi tattali, wannan ba tattali ba ne, ganganci ne da rayukan mutane. Hanyar gaskiya ita ce bangon sama ya zauna daidai kan na ƙasa, a guji falo mai faɗin da sai an zuba masa ƙaton bim, a bar filolin ado da ba sa ɗauke da komai, bangon raba ɗaki ya zama siriri. Tambayi injiniya ko simintin da aka gauraya da tokar masana'anta ko garin dutse zai yi a aikinka, akwai ma wani sabo da ake kira LC3, na gasasshen yumɓu da farin dutse, da masana daga Suwizalan da Indiya da Kuba suka haɗa, yana iya rage hayaƙin har kusan kashi 40 cikin 100. Kankaren da aka zuba a ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, wanda ya bushe da wuri simintinsa asara ne. Sannan a zana ɗakuna da awon kayan da ake sayarwa, tsayin bango ya faɗa kan bulo cikakke ko rabi, rodi mita 12 yake zuwa, falankin filawud ƙafa huɗu a takwas, in mai zane ya yi lissafi da su tulin guntayen da ake kwasa a ƙarshen aiki zai ragu ƙwarai. Kuma ɗakin da ba a shiga sai sau biyu a shekara, anya kana buƙatarsa?

Ruwa lissafinsa daɗi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 600 a shekara lita 60,000 ke nan ke sauka a kansa, ka cire kamar kashi ɗaya bisa biyar na fantsama da zubewa, saura 48,000, kuma yawanci duk titi ake kora shi. Sa gata a bakin kwano, bututu zuwa tanki, da ɗan bututun da zai fara cika da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsu kafin mai kyau ya wuce. Tankin ya zama a rufe, haske ba ya ratsa shi, da raga a bakinsa saboda sauro. Wanki da ban-ruwa da banɗaki ya isa haka, na sha sai an tace an tafasa ko an sa magani. Ruwan wanka da na wankin hannu a raba bututunsa da na masai tun a zane, ya bi ta ramin tsakuwa ya je gindin bishiyoyi. Masai na ruwa a sa mai maɓalli biyu, lita shida da lita uku. Sokawe ko ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, naka da na maƙwabci duka, kuma ya kasance ta gangare. Tsakar gida kuma don Allah kar a shafe ta duka, kankare da intalok ɗin da aka toshe da siminti suna tara zafi suna hana ruwa nutsewa, rijiyar unguwa na ƙafewa titi na ambaliya. Daɓe hanyar mota da ta ƙafa, sauran a bar tsakuwa da ƙasa da shuke-shuken da suka saba da yanayin wurin.

Sai yanzu muka zo kan wuta. Gidan da aka yi wa duk abin da ke sama, da rana ba ya buƙatar ƙwai, yawancin shekara fanka ta ishe shi, fankar silin ba ta cika wuce wat 75 ba, esi mai doki ɗaya da rabi kuwa sama da wat 1,000 yake ja. Ƙwayaye duk LED. In za a sa esi a zaɓi ɗaki ɗaya ko biyu da aka toshe kafofinsu da kyau, a sayi mai inbata, injin waje a inuwa inda iska ke wucewa. Indiya tun 2020 ta sa sabbin esi su riƙa zuwa a saite kan digiri 24, hukumar tattalin makamashinsu ta ƙiyasta kowane digiri ɗaya da ka ƙara yana rage wuta kusan kashi 6 cikin 100, in ka haɗa da fanka 26 ma daɗi yake. Bayan ka rage duk wannan sai ka lissafa solar, za ka ga wadda kake buƙata ta yi ƙasa sosai da wadda aka yi maka kwatance da farko. Fanel su kalli wajen layin tsakiyar duniya, wato kudu in kana arewa da layin, arewa in kana kudu da shi, su karkata aƙalla digiri 10 don ruwa ya wanke ƙura, a bar sarari a ƙarƙashinsu domin zafi na rage musu ƙarfi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25. Ko ba ka da kuɗinta yanzu, binne fayif ɗin wayoyin ka ware wurin batir mai iska tun ana gini.

In kuma akwai tsohon gini a filin, kar ka yi saurin kiran katafila. Simintinsa da rodinsa an riga an biya hayaƙinsu. A unguwar Grand Parc da ke Bordo a Faransa, masu zanen gini Lacaton da Vassal da abokan aikinsu sun gyara gidaje 530 na tsofaffin benaye, suka ƙara wa kowanne baranda mai faɗi ta waje, mazauna na ciki ba a tashe su ba, aka gama a 2017. Sa injiniya ya duba ƙashin ginin, in lafiya lau ne canza rufi, buɗe tagogi, ƙara inuwa. In dole sai an rushe, a kwance a hankali a cire ƙofofi da katako da kwano, ɓaraguzan su zama ciko. Silin ko rufin asbestos kaɗai ka yi hattara, ƙurarsa na jawo kansar huhu, ba a fasa shi ba a yanka shi, masu kayan kariya ke cire shi.

Ka zauna da waɗanda za su rayu a gidan kafin a kammala zane, musamman mai girki da mai wanki, ita ta san inda hayaƙi ke taruwa da inda shanya ke bushewa. Hassan Fathy ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a Masar a shekarun 1940, da tubalin laka da rufin ƙubba, masana har yau suna zuwa kallo, amma mutanen da aka gina dominsu da yawa sun ƙi tashi daga tsohon wurinsu, aikin bai ƙarasa yadda aka tsara ba. Tagar da mai gida ba ya jin daɗin buɗewa saboda ana hango shi daga titi ko tsoron ɓarawo, a rufe za ta zauna har abada komai kyan lissafin iskarta, don haka a yi maganar sutura da tsaro tun farko.

Takardun shaidar gini mai tausayin muhalli irin BREEAM ta Birtaniya da aka fara a 1990, da LEED ta Amurka, da EDGE da ke neman a rage kashi 20 cikin 100 a wuta da ruwa da makamashin kayan gini, sun fi amfani ga mai otal ko rukunin gidaje da ke neman rance ko masu haya. Mai gida ɗaya ya karanta sharuɗɗansu ya tsinci abin da zai yi masa, ba sai ya biya kuɗin satifiket ba.

Lokacin aiki ka riƙa zuwa, domin nan ake yanke bakin rufi a ce don a rage kwano, a toshe kafofin silin a ce ƙura, a mayar da tagar sama bango a ce ba ta da amfani. Duk canjin da za a yi a kira mai zanen tukuna. Kafin a yi filasta ɗauki hoton kowane bango da fayif ɗin ruwa da na wuta a fili, da tef ɗin awo a jiki, ka adana tare da zanen, ranar da famfo ya fara yoyo mai gyara zai fasa wuri ɗaya maimakon rabin banɗaki. Kowace shekara kafin ruwan farko a share gata, a zubar da abin da ya taru a bututun ruwan farko, a duba ragar kafofin silin da gindin bango, farin rufi kuma a wanke shi, in ya dushe a sake shafa masa fenti.